Yadda ake zaɓen madadin rizisto wajen haɗa amfilifaya a gida

Abuja — A masallatai da majami'u, da makarantun Islamiyya da wuraren biki, daga Nyanya da Karu har zuwa Kubwa da Gwagwalada, amfilifaya ce ke karɓar murya daga makirfo ta ƙarfafa ta kafin ta kai ga lasifika. Wasu daga cikin waɗannan na'urori haɗin gida ne, aikin masu gyaran rediyo da ɗaliban makarantun fasaha da matasa masu sha'awar sana'ar lantarki, waɗanda ke sayen kayan ɗaya bayan ɗaya su jera su a kan allo su liƙa da dalma.

Matsalar da kusan kowane mai irin wannan haɗi ke cin karo da ita guda ce. Zanen da yake bi ya ce a sa rizisto mai om 680, ya shiga Kasuwar Wuse ko shagunan Banex da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, bai samu ba, sai mai om 560 ko 820. Jiran kaya daga Kasuwar Alaba da ke Legas ko Kasuwar Sabon Gari ta Kano na iya ɗaukar kwanaki, ga kuma mai aiki yana jira. A nan ne tambaya ke tasowa: wanne za a iya sawa a madadinsa, wanne kuma zai jawo asara?

Amsar tana da muhimmanci domin rizisto, duk da yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin allo, kuskure wajen zaɓensa na iya ƙona tiransistocin da suka fi shi tsada nesa ba kusa ba, ya lalata lasifika, wani lokaci ma ya tada gobara.

Aikin rizisto

Rizisto ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa biyu da ke taƙaita yawan wutar da ke ratsawa ta wata hanya, kamar yadda siririn bututu ke rage ruwan da ke bi ta cikinsa. Ana auna ƙarfin wannan taƙaitawa da om, sunan da aka ciro daga na masanin kimiyyar nan na Jamus, Georg Simon Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a shekarar 1827. Ƙa'idar ta ce idan aka raba matsin wuta, wato bolt, da om ɗin rizisto, za a samu yawan wutar da ke kwarara, wato amfiya. Misali, bolt 12 a kan om 6 na ba da amfiya 2. Om 1,000 shi ake kira kilo-om 1.

A cikin amfilifaya rizistoci ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu na ƙayyade ninki nawa za a ɗaga murya, wasu na daidaita wutar da ke ratsa tiransistoci, wasu na hana na'urar yin kaɗawar da kunne ba ya ji amma take ɗumama ta, wasu kuma ƙwan nuni kawai suke kunnawa. Saboda haka kafin a nemi madadi, dole a fara sanin aikin wanda ake son maye gurbinsa. Bayan haka sai a duba abubuwa huɗu: yawan om, ƙarfin jure zafi da ake aunawa da wat, gibin kuskuren da kamfani ya amince da shi, da kuma irin abin da aka ƙera shi da shi.

Karanta launuka da lambobi

Ƙananan rizistoci na ɗauke da zobba masu launi a madadin rubutu. Baƙi na nufin 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari kuma 9. A mai zobe huɗu, na farko da na biyu lambobi ne, na uku yana faɗin yawan sifilin da za a ƙara, na huɗu kuma gibin kuskure ne: ruwan zinariya kashi 5 cikin 100, ruwan azurfa kashi 10. Don haka shuɗi da ruwan toka da ruwan ƙasa na nufin om 680, yayin da ja da ja da ruwan goro ke nufin om 22,000. A mai zobe biyar, lambobi uku ne a farko, kuma idan zoben ƙarshe ruwan ƙasa ne, gibinsa kashi 1 ne cikin 100.

Manyan rizistoci da ƙananan da ake manna wa a fuskar allo kuwa rubutu ake yi musu. Idan an ga 4K7, ana nufin kilo-om 4.7, 4R7 om 4.7 ne, R22 kuma om 0.22. Lamba 103 na nufin 10 da sifili uku, wato om 10,000. Wanda ya ɗauki R22 a matsayin om 22 ya yi kuskure ninki ɗari.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa. A ƙarƙashin fitilar shago, ja da ruwan goro da ruwan ƙasa na iya rikiɗa wa mutum, musamman a jikin rizisto mai shuɗin baya. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a auna kowane ɗaya da mita kafin a sa masa dalma.

Me ya sa babu mai om 700?

Mai koyo kan yi mamakin ganin lambobi irin su 47 da 68 da 82 maimakon 50 da 70 da 80. Dalili shi ne kamfanoni na bin jerin da hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin kayan lantarki, IEC, ta tanada. Jerin da aka fi samu a kasuwa, E12, yana da lambobi goma sha biyu: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68 da 82, sai a riƙa ƙara musu sifili. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai tazarar kusan kashi 20 cikin 100. Jerin E24 ya ninka wannan, ya shigo da irin su 20 da 51 da 75.

Akwai darasi a nan. Rizisto mai om 680 da gibin kashi 5 cikin 100 na iya zama ko'ina tsakanin om 646 da 714, kuma mai zanen ya san da haka tun farko. Ke nan duk madadin da ya faɗa cikin wannan tazara daidai yake da na asali. Sauya mai gibin kashi 5 da mai kashi 1 ba ya cutarwa ko kaɗan. Akasin haka ne ke buƙatar tunani.

Rizistocin da ke ƙayyade ƙarfin murya

A ɗauki TDA2030, aisi mai ƙafa biyar da masu haɗin gida suka saba da shi. A zanen da kamfani ya fitar, rizistoci biyu ne ke ƙayyade ɗaga murya: mai kilo-om 22 da mai om 680. Ana raba babban da ƙaramin a ƙara 1, sai a samu kusan ninki 33. Idan aka sa om 560 a gurbin 680, ninkin zai hau zuwa kusan 40. Idan aka sa 820 zai sauka zuwa kusan 28. Kilo-om 1 kuma zai ba da 23. Duk waɗannan za su yi aiki, bambancin kawai shi ne inda za a tsayar da makunnin ƙara.

Amma akwai iyaka. Takardar bayanin TDA2030 ta gargaɗi cewa kada ɗagawar ta yi ƙasa da desibel 24, wato kusan ninki 16. Wanda ya sa kilo-om 1.5 zai samu ninki 15.7, ya faɗa ƙasa da iyakar, kuma aisi ɗin na iya fara kaɗawa da kansa, ya yi zafi ko da babu muryar da ke shiga. LM1875 da LM3886 su ma suna da irin wannan sharaɗi, ninkinsu bai kamata ya gaza 10 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗaga ninki fiye da kima na ƙara huci da gurnani a lasifika, yana kuma sa makirfo saurin yin kuwwa a cikin masallaci ko zaure.

Abin da ke da muhimmanci a irin wannan wuri shi ne rabon da ke tsakanin rizistocin biyu. Idan babu kilo-om 22 da om 680, mai kilo-om 33 da mai kilo-om 1 za su ba da ninki 34, kusan daidai da na asali. Sai dai idan aka sauya babban, yana da kyau a sauya takwaransa da ke ƙofar shigar murya zuwa lamba guda, domin daidaituwar su biyun na taimakawa wajen hana wuta tsayayya zubowa cikin lasifika. Idan kuma amfilifayar mai hannu biyu ce, dama da hagu, duk abin da aka yi wa hannu ɗaya a yi wa ɗayan, in ba haka ba wata lasifikar za ta fi 'yar'uwarta ƙara.

Rizisto na ƙofar shiga yana aiki tare da kafasito, wanda masu gyara ke kira kondansa, wajen yanke shawarar ƙaramin amon da zai wuce. Kilo-om 22 da maikurofarad 1 na barin amo ya wuce tun daga kusan haz 7, ƙasa da haz 20 da kunnen ɗan Adam ke fara ji. Idan aka yi kuskuren sa kilo-om 2.2, wanda zobe ɗaya kaɗai ya bambanta shi da wancan, iyakar za ta hau zuwa kusan haz 72, sai kaurin murya da amon ganga su ragu sosai.

Lissafin wat

Yawancin rizistocin da ke ƙonewa, om ɗinsu daidai ne, wat ɗinsu ne ya gaza. Duk rizisto yana mayar da wani kaso na wuta zuwa zafi, kuma ana gano yawan zafin ta hanyar ninka bolt ɗin da ke kansa da amfiyar da ke ratsa shi.

Ga misali mai sauƙi. Ana so a kunna ɗan jan ƙwan nuni daga layin bolt 35. Ƙwan zai ci kusan bolt 2, saura 33 a kan rizisto. Don a samu miliamfiya 10, ana buƙatar kilo-om 3.3. Zafin da zai fitar shi ne 33 sau 0.01, wato wat 0.33. Ɗan ƙaramin rizisto na yau da kullum mai rubu'in wat, wato 0.25, ba zai jure ba. Zai yi baƙi a hankali har ya mutu. A wannan gurbi sauya om ba matsala ba ce: kilo-om 4.7 ko 5.6 za su rage hasken ƙwan kaɗan, su kuma rage zafin.

Misali na biyu ya fi haɗari. A manyan amfilifayoyi masu tiransistoci irin su 2SC5200 da 2SA1943 na kamfanin Toshiba, kowane tiransisto na da farin rizisto mai kama da bulo a ƙafarsa, galibi om 0.22 ko 0.33, mai wat 5. Idan na'urar na tura wat 100 cikin lasifika mai om 4, amfiya 5 ke kwarara. A ninka 5 da 5 da 0.22, a samu wat 5.5, da yake tiransistoci biyun karɓa-karɓa suke yi, kowane rizisto zai ɗauki rabi, kusan wat 2.75. Shi ya sa ake sa mai wat 5. Mai wat 2 a wannan wuri ba zai daɗe ba.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a zaɓi wanda wat ɗinsa ya ninka abin da lissafi ya bayar. Wannan ya fi zama dole a Abuja, inda zafin watan Maris kan haura digiri 35 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuma ya fi haka nesa. Yawancin rizistoci ana ƙayyade wat ɗinsu ne a kan cewa zafin da ke kewaye da su bai wuce digiri 70 ba. Da zarar ya wuce, ƙarfinsu na raguwa. Ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska, da wutar janareta da kan haura bolt 230 da aka tsara taransifoma a kai, duk suna ƙara nauyin. Sa mai wat mafi girma ba laifi ba ne muddin zai shiga gurbin. A ɗaga shi kaɗan daga fuskar allo don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma nisanta shi da kafasito.

Haɗa biyu su zama ɗaya

Sau da yawa madadin yana cikin akwatin mai haɗin, bai lura ba. Idan aka jera rizistoci biyu wutsiya da kai, ana tara om ɗinsu: 470 da 220 sun zama 690, 330 biyu sun zama 660, kuma dukansu na cikin tazarar 680 da aka ambata. Kilo-om 10 da 12 sun zama 22 cif.

Idan kuma aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, om ɗin raguwa yake yi. Guda biyu masu lamba ɗaya na ba da rabi: om 0.47 biyu sun zama 0.235, wanda zai tsaya a gurbin 0.22. Ga waɗanda lambarsu ta bambanta, ana ninka su a raba da jimlarsu. Wata fa'idar ita ce rabon zafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: masu wat 2 guda biyu masu om iri ɗaya na ɗaukar wat 4 a tare. Idan om ɗin ya bambanta, rabon ba zai zo daidai ba. A jere, mai om mafi yawa ne ke shan zafi. A kafaɗa da kafaɗa kuwa, mai om mafi ƙanƙanta ne.

Inda ba a wasa

Rizistocin ƙafar tiransisto su ne ke tilasta wa tiransistoci raba aiki daidai da kuma hana su ƙara jan wuta yayin da suke ɗumi. Ana iya tashi daga 0.22 zuwa 0.33, amma sai an sauya dukansu tare, a kuma sake daidaita wutar hutun na'urar. A wasu zanen, da'irar kariya na auna wuta ne ta kan waɗannan rizistoci, don haka ɗaga om ɗinsu na sa ta katse murya da wuri. Cakuɗa lambobi daban-daban na sa tiransisto ɗaya ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Maye gurbinsu da guntun waya kuwa, kamar yadda wasu ke yi cikin gaggawa, hanya ce ta ƙone layin gaba ɗaya.

Akwai kuma rizisto da kafasito da ake jerawa a bakin fitar murya don hana kaɗawa, galibi om 10 da maikurofarad 0.1, ko om 1 da maikurofarad 0.22 a zanen TDA2030. A nan a tsaya kusa da lambar zane, kuma a guji nau'in da aka yi da naɗaɗɗiyar waya, domin naɗin na rage amfaninsa a kan amo mai tsananin sauri. Idan wannan rizisto na hayaƙi ba tare da an ƙure murya ba, alama ce amfilifayar na kaɗawa, kuma sa babba ɓoye cutar ne kawai.

Na uku shi ne rizisto mai aikin fis, wanda aka ƙera don ya tsinke ba tare da ya kama da wuta ba idan wuta ta yi yawa. Shi kaɗai ne ba a ƙara wa wat. Sai irinsa, om ɗaya, wat ɗaya, domin mutuwarsa ce ke ceton sauran kayan.

Game da nau'i, mai fatar gawayi, wanda galibi bayansa ruwan madara ne, ya wadatar a yawancin gurabe. Mai fatar ƙarfe, mai shuɗin baya, ya fi shi rashin huci da tsayawa kan lambarsa idan zafi ya sauya, don haka ya fi dacewa da sashen makirfo da rizistocin ƙayyade ninki. Ana iya sa shi a gurbin na gawayi ba tare da fargaba ba.

Kafin a kunna

Idan gyara ake yi, a tuna cewa rizisto ba ya ƙonewa haka kawai. Akasari wani tiransisto ko dayod ne ya fara lalacewa. Wanda ya sauya rizisto bai nemi musabbabi ba zai sake sayen wani. Zafi na sauya launin zobba, don haka a duba zane ko takwaransa a ɗaya hannun na'urar. Wajen aunawa a cire ƙafa ɗaya daga allo, kuma ga masu ƙasa da om 1, a fara haɗa wayoyin mitar da juna a ga abin da suke nunawa, sannan a cire shi daga sakamakon.

Manyan kafasitocin sashen wuta na riƙe caji bayan an zare filogi, kuma a babbar amfilifaya tazarar da ke tsakanin layin sama da na ƙasa kan kai bolt 100. A sauke cajin ta hanyar rizisto mai wat 5, a tabbatar da mita, kafin hannu ya taɓa allo.

A kunnawar farko kada a jona lasifika. A sa tsohon ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da wayar da ke shiga taransifoma. Idan ya haska ya dushe, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, a kashe nan take. Bayan haka a auna bakin fitar murya: wuta tsayayya a wurin ta kasance kusa da sifili, 'yan milibolt kaɗan. Idan ta kai bolt 1 ko fiye, lasifika na cikin haɗari. A ƙarshe a auna kan rizisto na ƙafar tiransisto: milibolt 11 a kan om 0.22 na nufin miliamfiya 50 ke ratsawa, kuma lambar ta tsaya wuri guda bayan na'urar ta ɗumama. Idan tana ta hawa ba tsayawa, a kashe a sake duba daidaitawar.

Yana da kyau mai haɗin ya rubuta duk sauyin da ya yi a takarda ya liƙa a cikin murfin akwatin: lambar da zane ya nema, da wadda ya sa, da ranar. Amfilifayar masallaci ko ta makaranta kan shekara da shekaru tana aiki, kuma wanda zai buɗe ta nan gaba, a Dutse Alhaji ko a Kuje, ba lallai ne ya zama wanda ya haɗa ta ba.